Shin Ko Kun San? Najeriya a Fagen Rabon Faɗa

Shin ko kun san kwana shida kacal Najeriya ta yi da samun 'yancin kai ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya? Ranar 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar Ingila a Legas, ranar 7 ga wata Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tsaya gaban Babban Zauren Majalisar a birnin New York. Ita ce ƙasa ta 99 da aka karɓa. A jawabin nasa na ranar ya ɗauki lokaci mai tsawo yana magana kan rikicin Kwango, ƙasar da wuta ta kama tun watan Yuli. Kafin shekarar ta fita, sojojin Najeriya da 'yan sandanta sun sauka a can sanye da shuɗiyar hula. Jaririyar ƙasa ce, ko cibiyarta ba ta faɗi ba, ta tafi rabon faɗa.

Ko kun san shugabannin ƙasa huɗu da suka mulki Najeriya a jere duk sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango? Johnson Aguiyi-Ironsi, Yakubu Gowon, Murtala Muhammed da Olusegun Obasanjo. Ironsi ya fara zuwa ne a matsayin kwamandan bataliya ta biyar, ya sake komawa a 1964 ya zama babban kwamandan dukkan rundunar Majalisar, kuma a hannunsa aka naɗe tabarmar aikin cikin watan Yuni na shekarar. A Disamba 1960 sojojin Najeriya ne suka kuɓutar da ma'aikatan asibiti 'yan ƙasar Ostiriya da aka tsare a garin Bukavu, gwamnatin Ostiriya ta ba Ironsi lambar yabo saboda haka. A teburin shawara kuma, Jaja Wachuku ne ya shugabanci kwamitin sasantawa da Majalisar ta tura Kwango.

Ga wata da ta fi ba ni sha'awa. Shin ko kun san Najeriya ta kori jakadan Faransa tana da wata uku da haihuwa? Faransa ta mayar da hamadar Sahara filin gwajin bam ɗin nukiliya, a Reggane da ke kudancin Aljeriya. Gwajin farko ranar 13 ga Fabrairu 1960. Da ta yi na uku a ƙarshen Disamba, sai gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta ce ya isa. A farkon Janairu 1961 aka sallami jakadan, aka hana jiragen ruwa da na sama na Faransa tsayawa a ƙasar. Duk wanda ya san daga inda iskar hunturu take busowa ya san wannan magana ta shafi numfashin mutanen Agadas da Damagaram da Katsina da Sakkwato kai tsaye. Ƙura ba ta san iyakar ƙasa ba. Shekaru aka ɗauka kafin hulɗar jakadanci ta dawo, Faransa kuwa ba ta manta ba.

A Janairu 1964 sojojin Tanganyika suka yi bore. Julius Nyerere ya kira sojojin Ingila suka kwantar da tarzomar, amma abin ya yi masa ciwo, a ce tsohon ɗan mulkin mallaka ne ke gadin fadarsa. Bataliyar Najeriya ce ta je ta karɓi aikin daga hannun Turawa, ta zauna har aka horar da sabuwar rundunar ƙasar.

Ko kun san taron farko na shugabannin Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila da aka yi a wajen birnin Landan, a Legas aka yi shi? Janairu 1966, kan batun fararen fatar Rodeshiya da suka ɓalle. Baƙi na tafiya, kwanaki kaɗan tsakani, aka yi juyin mulkin 15 ga Janairu wanda ya ci ran mai masaukin. Allah ya jiƙan Sa Abubakar. Daga nan mai rabon faɗa ta koma wadda ake raba wa faɗa: Aburi a Ghana a Janairu 1967, sai Kampala da Yamai da Addis Ababa a 1968, duk zaman neman sulhu ne tsakanin 'yan Najeriya da 'yan Najeriya. Zaman Yamai, Shugaba Diori Hamani ne ya karɓi baƙuncinsa.

Yanzu mu shiga kudancin Afirka, inda a ganina Najeriya ta yi aikin da ya fi kowanne kyau a tarihinta na hulɗa da ƙasashe. Shin ko kun san fiye da shekara ashirin 'yan Najeriya ne ke riƙe da kujerar shugabancin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata? Edwin Ogbu, Leslie Harriman, Akporode Clark, Alhaji Yusuf Maitama Sule Ɗanmasanin Kano, Joseph Garba, sai Ibrahim Gambari wanda a hannunsa aka rufe kwamitin a 1994, shekarar da Nelson Mandela ya hau mulki. Tsakanin Legas da Johannesburg tafiyar dubban kilomita ce. Ba mu haɗa iyaka ba, ba mu haɗa harshe ba. Duk da haka aka riƙa lissafa Najeriya tare da ƙasashen sahun gaba irin su Zambiya da Tanzaniya.

Kuma ba da baki kawai ba. A 1976 aka kafa asusun agaza wa kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka riƙa ba da wani kaso na albashinsu, 'yan makaranta suka yi karo-karo. Malamin firamare a Gusau ko akawu a Bauchi, wanda bai taɓa ganin Soweto ba, an cire daga guminsa domin yaran Soweto. Matasan Afirka ta Kudu da yawa sun yi karatu kyauta a makarantun ƙasar nan, Thabo Mbeki ma ya zauna a Legas yana wakiltar jam'iyyar ANC. 'Yan wasanmu sun haƙura da gasar Olamfik ta Montreal a 1976, bayan sun riga sun isa can, saboda wannan magana. Wanda ya yi shekara huɗu yana atisaye sannan aka ce masa ya tattara kaya ya dawo, shi ma ya biya nasa kason.

Angola fa? Da sojojin gwamnatin wariya suka kutsa ƙasar a 1975, Janar Murtala ya amince da gwamnatin MPLA a watan Nuwamba. Shugaban Amurka Gerald Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu inda za su karkata. Gwamnatin Murtala ta saki wasiƙar ga jaridu tare da amsa mai zafi. Ranar 11 ga Janairu 1976 ya tsaya a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa ya shaida wa duniya cewa nahiyar ta girma, ba ta karɓar umarni daga kowa. Taron ya tashi ƙasashe 22 nan, 22 can, amma cikin makonni kaɗan rinjaye ya koma inda Najeriya ta tsaya. Wata ɗaya da kwana biyu bayan jawabin aka harbe shi a Legas.

Masu shekaru za su tuna gidajen mai na AP. Ko kun san asalinsu na kamfanin BP ne na Ingila? Gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin a 1979, ana jajibirin taron Ƙasashe Renon Ingila a Lusaka, a daidai lokacin da ake fargabar Margaret Thatcher za ta amince da gwamnatin Muzorewa a Rodeshiya. A taron Lusaka aka shirya zaman da ya kai ga 'yancin Zimbabuwe ranar 18 ga Afrilu 1980.

Shin ko kun san birnin Kano ya ba da sunansa ga wata yarjejeniyar zaman lafiya ta ƙasa da ƙasa? A Maris 1979 aka tara masu faɗa da juna a Chadi, su Félix Malloum da Hissène Habré da Goukouni Oueddei, suka sa hannu a Kano. Najeriya ta tura sojoji Njamena su tsare yarjejeniyar, amma ba ta daɗe ba ta wargaje. Aka sake zama a Legas cikin Agusta, aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya, Goukouni shugaba, Habré ministan tsaro. Ita ma ta rushe. A 1981 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta tura runduna daga Najeriya da Senegal da Zayar a ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga, ba kuɗi, ba bayyanannen umarni. Suna nan Habré ya kama Njamena a Yuni 1982. Wannan aiki bai yi nasara ba, gara a faɗe shi yadda yake. Malloum kuwa ya yi fiye da shekara ashirin yana gudun hijira a Najeriya. Shi ma Siad Barre na Somaliya a Legas ya rasu, a Janairu 1995.

Daga 1978 zuwa 1983 bataliyoyin Najeriya sun yi ta karɓa-karɓa a kudancin Labanon. Cikin hafsoshin da suka je har da Abdulsalami Abubakar. Ku riƙe sunan, zai dawo.

Sai babbar magana, ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma. Charles Taylor ya tsallako cikin Laberiya da 'yan tawayensa a jajibirin Kirsimeti na 1989. Kafin tsakiyar 1990 Monrobiya ta zama mahauta. Amurka, wadda Laberiya ke ɗauka uwa, ta turo jiragen ruwa ta kwashe mutanenta ta bar sauran. Yaƙin cacar baka ya ƙare, ba mai sauran buƙatar ƙananan ƙasashen Afirka, hankalin duniya kuma ya koma Kuwait da Saddam ya mamaye. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma shugabannin da suka zauna a Banjul a watan Agusta sun zaɓi su ɗauki guga su nufi gobarar. Ranar 24 ga Agusta 1990 dakarun Najeriya da Ghana da Gini da Saliyo da Gambiya suka sauka a tashar jiragen ruwan Monrobiya, harsashi na yi musu maraba. An tura su kiyaye zaman lafiya a inda babu shi.

Ko kun san kwamandan ECOMOG na farko ɗan Ghana ne? Laftanar Janar Arnold Quainoo. Ranar 9 ga Satumba Shugaba Samuel Doe ya kai ziyara hedikwatar rundunar, mutanen Prince Johnson suka kama shi a nan, suka tafi da shi suka yi masa kisan wulaƙanci. Bayan wannan abin kunya Najeriya ta karɓi ragamar, Janar Joshua Dogonyaro ya kori mayaƙan Taylor daga birnin. Daga nan har ƙarshe kwamandojin 'yan Najeriya ne, mafi yawan sojoji da kuɗi ma nata ne. 'Yan jarida biyu na Najeriya, Krees Imodibie da Tayo Awotusin, sun mutu a hannun mayaƙan Taylor. Shekara bakwai aka yi kafin a karɓe makamai a ƙarƙashin Janar Victor Malu, aka yi zaɓe a Yuli 1997.

A Saliyo sojoji sun hamɓarar da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah ranar 25 ga Mayu 1997. Dakarun Najeriya suka fatattake su daga Freetown a Fabrairu 1998, Kabbah ya koma kujerarsa ranar 10 ga Maris. Har yau akwai babban titin kasuwa a Freetown mai sunan Sani Abacha, shugaban Najeriya na lokacin. Kwamandan da ya jagoranci aikin, Maxwell Khobe, ɗan jihar Adamawa, Kabbah ya naɗa shi babban hafsan tsaron Saliyo, yana kan muƙamin ya rasu a Afrilu 2000. Mutane da yawa sun tambaya a lokacin, kuma tambayar tana da nauyi: ta yaya gwamnatin soja da ke tsare da wanda ya ci zaɓe a gida za ta je mayar da dimokuraɗiyya a gidan wani? Ni ma ina ganin tufka da warwara a ciki. Sai dai matar da 'yan tawayen RUF ke shirin sare wa hannu ba ta damu da wane ne ke mulki a Abuja ba, sojan da ya tsaya tsakaninta da adda take gani.

Ba na ɓoye ɗaya gefen. An zargi wasu dakarun ECOMOG da kwasar ganima a Laberiya, har mutanen Monrobiya suka riƙa fassara haruffan sunan rundunar da cewa duk mota ko abin da ke motsi ya tafi. Bayan harin 6 ga Janairu 1999 a Freetown, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun rubuta rahoton kashe waɗanda ake zargi ba tare da shari'a ba. Wanda ya je ceton mutane ya taɓa kayansu ko ransu ya ci amana, kuma ya shafa wa abokan aikinsa da suka mutu da gaskiya baƙin fenti.

Nawa aka kashe? Gwamnatin Obasanjo ta ce kusan dala biliyan 8 a ƙasashen biyu, da ɗaruruwan sojoji. Wannan kalma ta "ɗaruruwa" ita ke ci mini rai. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da suna, da lambar aiki, da uwa, da ƙauye. Akwai matan da aka fitar daga gidajen bariki da 'ya'yansu bayan mazan sun tafi Monrobiya ba su dawo ba. Mun san sunayen janar-janar, kuratan da suka kwanta a fadamun Laberiya kuwa sai danginsu. Ya kamata a ce kowane yaro a makaranta yana iya zuwa wani wuri ya karanta sunayen nan a jikin bango.

A 2003 yaƙi ya sake kai wa Monrobiya. Wa ya shiga tsakani a zaman Accra? Janar Abdulsalami Abubakar, hafsan nan da ya je Labanon, tsohon shugaban ƙasa. Sojojin Najeriya suka sauka ranar 4 ga Agusta, ranar 11 Taylor, wanda ya ci zaɓen 1997, ya sauka daga mulki ya hau jirgi zuwa Kalaba. Ko kun san inda aka kama shi da ya nemi sulalewa a Maris 2006? Gamborun Ngala, a jihar Borno, yana shirin tsallakawa Kamaru. Yanzu yana zaman ɗaurin shekara 50 a Ingila. A 2003 ɗin dai sojoji suka yi juyin mulki a tsibirin Sao Tome shugaban ƙasar yana halartar taro a Abuja. Cikin mako ɗaya aka sasanta, Obasanjo ya raka shi gida da kansa.

Shin ko kun san sau biyar Najeriya ta zauna a Kwamitin Sulhu? 1966, 1978, 1994, 2010 da 2014, kowanne wa'adin shekara biyu. Na 1994 ya faɗo daidai da kisan ƙare dangi a Ruwanda. Jakada Gambari yana cikin 'yan tsirarun da suka nemi a ƙara wa rundunar Majalisar ƙarfi. Manyan ƙasashe suka ƙi, ranar 21 ga Afrilu aka rage ta zuwa mutum 270, kuma da ƙuri'ar kowa, har da tamu. 'Yan Najeriya biyu sun shugabanci Babban Zaure: Joseph Garba a 1989, da Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, ɗan Zagga ta jihar Kebbi, a 2019. Amina Mohammed, 'yar Gombe, ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar a 2017. Taslim Elias ya shugabanci Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985.

Kotun nan ce ta ba Kamaru yankin Bakassi ranar 10 ga Oktoba 2002. Najeriya ta fi Kamaru yawan jama'a da soja nesa ba kusa ba, sojojinta kuma na zaune a yankin. Ta sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Yuni 2006, ta miƙa yankin a Agusta 2008. Hukuncin ya taɓa Arewa ma, domin an miƙa ƙauyuka a bakin Tafkin Chadi, ciki har da Darak. Masuntan da abin ya raba da matsuguninsu sun sha wahala, har yanzu wasu na sha. Amma babbar ƙasa ta bi hukuncin alƙali tana da halin ƙin bi, ba a cika ganin haka a duniya ba.

A Gambiya, Janairu 2017, jiragen yaƙin Najeriya da jirgin ruwanta na cikin abin da ya sa Yahya Jammeh ya bar mulki ba tare da an gwabza ba. A Nijar kuwa, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, barazanar ECOWAS ta amfani da ƙarfi ta ci karo da abin da taswira ba ta nunawa: Katsina da Maraɗi, Daura da Damagaram, Illela da Ƙonni, gida ɗaya ne. Sanatocin Arewa suka ce ba su yarda ba. Waɗanda suka iya buɗe ƙofar magana a Yamai su ne Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, da Muhammadu Sanusi na biyu, da tawagar malamai. Ba a yi yaƙi ba, alhamdu lillahi, amma yanke wutar lantarki da rufe iyaka sun bar tabo, a Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar da Gowon da Eyadéma suka yi ɗawainiyar kafawa a 1975.

Wajen 2010 Najeriya na cikin ƙasashe biyar da suka fi ba Majalisar Ɗinkin Duniya dakaru, mutum sama da dubu biyar. Yau ta yi ƙasa sosai a jerin. A 2013 ta janye sojoji daga Mali domin fuskantar Boko Haram. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Cibiyar horar da masu kiyaye zaman lafiya dai tana nan a Jaji, jihar Kaduna, ɗauke da sunan Janar Martin Luther Agwai.

Shi Agwai ɗin ne ke kwamandan dakarun Tarayyar Afirka a Darfur ta Sudan a 2007. Najeriya da Ruwanda ne suka fara kai sojoji can a 2004, a ƙasar da kakanninmu suka ratsa da ƙafa kan hanyar Makka, wasu suka zauna suka hayayyafa. A Abuja aka yi zaman sulhun da ya haifi yarjejeniyar 5 ga Mayu 2006, wadda ɓangare ɗaya kawai na 'yan tawaye ya sa wa hannu. Ranar 29 ga Satumba 2007, cikin watan Ramadan, da yamma wajen shan ruwa, ɗaruruwan 'yan bindiga suka afka wa ƙaramin sansanin Haskanita. Dakarun suka yi ta musayar wuta cikin dare har harsashinsu ya ƙare. Goma suka mutu nan take, bakwai daga cikinsu 'yan Najeriya. Aka kawo gawarwakin Abuja lulluɓe da tutar kore da fari, aka binne su a maƙabartar sojoji ta ƙasa, azumi bai ƙare ba.